Amsar tambayar Anti kan rubutun allon shago

Salamu alaikum jama'a. Anti, kin tambaya ko wannan rubutu mai kauri da kika gani a manhajar zane ta Canva, wanda yake kamar da buroshi aka ja shi, zai yi miki a allon shagon ɗinki da kuma takardar farashi. To a allo kam zai yi, sosai ma, amma takardar farashi kar ki soma.

Shi wannan rubutun hannun masu fenti aka kwaikwaya. Ki tsaya Kwangila a Zariya ki duba jikin manyan motocin da ke wucewa Kano, ko tsofaffin allunan shagunan Sabon Gari, za ki ga harafi ya yi kauri inda mai fenti ya danna buroshi, ya sirance inda ya ɗaga hannu, wani wajen har gashin buroshin ya bar layi-layi don fenti ya fara ƙarewa, kuma haruffan ba su zama daidai da juna ba, wannan ya ɗan karkace wancan ya ɗan fi tsawo. Ni wallahi abin da nake so a jikinsa ke nan, kana gani ka san mutum ne ya yi, akwai rai a ciki.

Amma fa aikinsa kira ne daga nesa. Kalma 2 ko 3, sunan shago kawai, yadda wanda ke cikin keke napep zai karanta kafin ya wuce. Masu yin allo suna da lissafi, duk tsawon inci 1 na harafi ana karanta shi da kyau daga ƙafa 10, to ki auna daga titi zuwa ƙofarki. Launi kuma ki haɗa mai haske da mai duhu, ruwan ɗorawa kan baƙi ko fari kan shuɗi, saboda in hunturu ya zo ƙura ta rufe allon komai dusashewa yake.

In aka ƙanƙantar da shi cikin haruffan toshewa yake, 3 ta koma kamar 8, 1 kamar 7, sai kwastoma ya yi ta kiran lambar wani. Lambar waya da farashi ki sa su da siririn rubutu na yau da kullum.

Sai abu ɗaya da ke damuna, da yawa daga cikin irin waɗannan salon rubutun Turawa suka zana su, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Kafin ki biya kuɗin bugawa ki rubuta "ɗinki" ki gani, in ya fito da akwati ko wani harafi daban siriri a tsakiya, ki canza. A Zariya fa aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, bai kamata a ce allunanmu ne ke rasa lanƙwasa ba.

In da hali ma Anti, ki kai samfurin wajen mai fenti ya ja miki a bango da fentin mai. Tallar da ake bugawa a kan roba (banner) rana na cinye launinta da wuri, shi kuma mai fentin ki tsaya kansa ya sa miki lanƙwasar ɗ ɗin da hannunsa.