Tambaya da Amsa: Wasan nan na robot masu faɗa da muke bugawa a tsohuwar kwamfuta, ya sunansa?

Wannan makon saƙonni uku ne a kan abu ɗaya, na farkon mun sa shi a shafinmu tun kwanaki sai sauran biyun suka biyo bayansa, don haka na haɗe su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min da sunan wani gem da muke bugawa muna yara a kwamfutar shagon yayanmu, wajajen 1998 ne, a cikin wani faifan sidi yake mai wasanni da yawa. Robot ne manya suke faɗa biyu-biyu kamar Street Fighter, amma sai ka fara zaɓar mutum tukunna sannan ka zaɓi robot ɗin da zai tuƙa, in an gama faɗa sai a nuno wani mai karanta labarai yana ba da rahoto. Abin da ya dame mu lokacin yawancin robot ɗin a kulle suke, ba sa zaɓuwa, har muka ce mai sidin ne ya sayar mana da jabu. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai karanta labaran nan da ka ambata shi ya tona asirin, sunan wasanka One Must Fall 2097, masu buga shi kuma OMF kawai suke cewa. Ya fito a 1994 a kan MS-DOS, tsohon tsarin da ke gudanar da kwamfuta, wato tun kafin Windows 95 ma ta zo, wani ɗan ƙaramin gungu a Amurka mai suna Diversions Entertainment ne suka haɗa shi, Rob Elam da Ryan Elam ne ƙashin bayan aikin, sai kamfanin Epic MegaGames ya ɗauki nauyin fitar da shi. Kuma ba daga babban ofis abin ya taso ba, a 1993 Rob Elam ya fara sakin wani ɗan gwaji kyauta wanda mutane ne ma suke karate a ciki ba robot ba, irin aikin mai sha'awa da ya ga Street Fighter II yana tashe ya ce bari ni ma in yi wa masu kwamfuta nasu, daga baya ne aka juya mutanen suka koma ƙarafa.

Toh maganar jabu, ka wanke mai sidin nan don bai cuce ku ba. Abin da kuka samu shi ake kira shareware, tsari ne na ɗanɗana kafin ka saya, kamar dai yadda mai kilishi yake gutsuro maka kaɗan ka ji a bakinka in ya yi maka ka ciro kuɗi. Masu wasan da kansu suke yanko wani ɓangare su sake shi kyauta, har roƙon mutane suke su kwafa su ba abokai, sauran kuma a kulle sai ka aika kuɗi ta gidan waya ko ka buga waya ka biya da kati sannan a aiko maka da cikakken a fulofi ko sidi. Dalili kuwa talauci ne na masu yi, yaro mai rubuta wasa a ɗakinsa ba shi da kuɗin buga kwali ko sayen wuri a kanta a manyan shaguna, sai ya mayar da masu kwafa su zama 'yan tallansa. Kamfanin Apogee na Scott Miller ne ya shahara da wannan salon tun ƙarshen shekarun 1980, Wolfenstein 3D na 1992 haka ya bazu, Doom ma na Disamban 1993 haka. A can Amurka ta modem mutane suke saukewa ta layin tarho, mu kuma nan sai dai abin da ya iso a faifan da wani ya tattara wasannin ɗanɗano ɗari ya zuba a ciki. Matsalar kawai, tsarin an gina shi ne don wanda zai iya aika dala zuwa Amurka, yaron da ke Zariya a 1998 ta ina zai fara? Shi ya sa da yawanmu ɗanɗanon kaɗai muka sani muka ɗauka shi ne wasan gaba ɗaya.

Abin da aka kulle muku kuwa ba kaɗan ba ne. Cikakken yana da robot 11. Akwai Jaguar wanda kusan kowa da shi yake farawa, mai tsalle da harba wata 'yar igwa daga ƙirji, da Shadow mai turo inuwarsa ta je ta yi dukan shi yana tsaye, da Thorn mai ƙayoyi a jiki, waɗannan ukun na san za ka tuna su. Sai Pyros mai feshin wuta, Electra mai lantarki, Katana mai wuƙaƙe a hannu, Shredder da yake jefo hannuwansa su dake ka su koma, Flail wanda ba shi da ƙafa sai tayoyi da sarƙoƙi, Gargoyle mai fiffike, Chronos mai ɓacewa ya bayyana a bayanka ko ya daskarar da kai, sannan Nova, babban dodon ƙarshe da Manjo Kreissack yake tuƙawa. Matuƙa kuma 10 ne, har da wani mai suna Ibrahim, in ka lura. Labarin shi ne a shekarar 2097 gwamnatoci sun zama hoto, wani kamfani mai suna WAR ne ke juya duniya, yana neman wanda zai naɗa ya kula masa da Ganymede, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, sai aka ce ma'aikata su shiga robot su fafata wanda ya rage a tsaye shi ke da kujera. Labarin dai ba wani abu ba ne gaskiya, uzuri ne kawai na a yi faɗa.

Inda wasan nan ya yi fice, kuma a ganina har yau ba a cika yin irinsa ba, shi ne raba matuƙi da inji. A Street Fighter in ka ɗauki mutum shi ke nan ka ɗauki ƙarfinsa da saurinsa da salonsa a dunƙule, a nan kuwa salon faɗa na robot ne amma ƙarfi da zafin nama da juriya na matuƙi ne, don haka Jaguar a hannun mai sauri daban, Jaguar ɗin nan a hannun mai ƙarfi marar sauri wani abu ne daban, sai ka ga mutum biyu suna musu kan wane haɗi ya fi har a tashi ba a gama ba. Maɓallan duka biyu ne kacal, naushi da shuri, sauran duk ya danganta da inda ka karkata lokacin da ka danna, wanda dabara ce don sun san a kibod za a buga ba a injin gidan wasa mai maɓalli shida ba.

Sai kuma ɓangaren gasa, nan ne ainihin naman yake kuma nan ne masu ɗanɗano suka yi asara sosai. Za ka ƙirƙiri matuƙinka, a ba ka Jaguar marar komai da 'yan kuɗi kaɗan, ka fara daga ƙasan jadawali kana hawa. Duk faɗan da ka ci akwai kuɗi, amma kafin su shigo aljihunka sai an cire kuɗin gyara, kuma gwargwadon dukan da ka sha gwargwadon abin da za a cire, don haka kana iya cin faɗa amma ka tashi kusan a tutar babu saboda an lauye maka inji, ga makanikenka Plug yana gefe yana yi maka tsiya in ka yi abin kunya. Da abin da ya rage za ka yanke shawara, in ƙara wa hannu ƙarfi ne ko ƙafa sauri, in sayi sulke ne, in biya kuɗin horo matuƙin ya ƙaru, ko in daure in tara in ba da wannan in cika kuɗi in ɗauki wani robot ɗin da ya fi shi? Har fenti kana iya canza masa. Gasa huɗu ne, daga North American Open zuwa Katushai Challenge da WAR Invitational, a ƙare da World Championship. Wannan lissafin na gyara shi yake sa ka koyi karewa dole, don mai shiga da ka yana danne-danne ba zai taɓa tara kuɗin kirki ba. Filayen ma ba a zaune suke ba, akwai mai bangon lantarki da in an maka ka a jiki sai ya ja ka, akwai mai ƙusoshi da suke fitowa, akwai na sahara inda jiragen yaƙi suke wucewa suna ruwan harsashi ba ruwansu da waye kai.

Kiɗan kuma kar ma a fara, Kenny Chou ne ya yi shi, duk wanda ya taɓa kunna wasan a kwamfuta mai katin sauti na Sound Blaster in aka sa masa kiɗan farkon nan yau zai gane shi tun kafin ya yi nisa.

TAMBAYA: Salam. Na ga tambayar ɗan Zariya, ni ma na buga shi. Na samo fayil ɗin amma laftof ɗina mai Windows 10 ta ƙi buɗewa, ya zan yi? Kuma ba sata ba ce in na sauke cikakken? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ƙanena ba sata ba ce, masu shi sun sake cikakken wasan kyauta tun Fabrairun 1999, ka sauke da kwanciyar hankali, sai dai ka kula da inda kake saukewa don shafukan tsofaffin wasanni wasunsu cike suke da maɓallan ƙarya masu jawo bairos. Wasan DOS ne na zamanin fulofi, 'yan megabayit ne kawai, in ka ga an ce ka fara girka wata manhajar saukewa tukunna rufe shafin ka tafi.

Ƙin buɗewar kuma ba laifin laftof ɗinka ba ne, Windows mai 64-bit ba ta gudanar da shirye-shiryen DOS kwata-kwata. DOSBox za ka nema, kyauta ce, tun 2002 ake amfani da ita, aikinta ta yi wa wasan shigar tsohuwar kwamfuta ya ɗauka a 1994 yake. Ka buɗe folda a C ka sa mata gajeren suna, misali omf, ka zuba fayilolin a ciki, sai ka buɗe DOSBox ka rubuta mount c c:\omf ka danna Enter, ka rubuta c: ka sake dannawa, daga nan ka fara rubuta setup ka shiga ka zaɓi Sound Blaster don sauti ya fito, sannan ka rubuta omf. In ka ga yana jan ƙafa ka riƙa danna Ctrl da F12 har ya daidaita, in gudu ya yi yawa Ctrl da F11, Alt da Enter kuma su cika maka sikirin. Hoton zai yi maka dishi-dishi da farko, kar ka damu ba lalacewa ya yi ba, a 320 sau 200 aka zana shi da launi 256. Akwai kuma OpenOMF, wasu masoyan wasan ne suka sake rubuta injinsa don ya hau kwamfutocin yanzu kai tsaye. A waya ma akwai manhajojin DOSBox na Android, amma ni ban ba ka shawara ba sai in kana da abin riƙewa na wasa, wasan faɗa a kan gilashi wahala ce zalla.

In za ku buga ku biyu a kibod ɗaya, ka sani wasu kibod ɗin ba sa karɓar maɓalli da yawa a lokaci guda, sai abokinka ya danne nasa naka ya ƙi ji, kafin ka ce magudi ya yi maka ka gwada canza maɓallan ko ɗaya ya koma joyistik. Sannan a babban menu ka danne 2 da 0 da 9 da 7 tare, ka leƙa wurin saitin wasa, akwai abubuwan da aka ɓoye a nan har da matakan wahala da suka wuce na fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Babansu ya ce zai sa wa yaranmu wannan wasan, ni kuma ina tsoron irin su Mortal Kombat ne masu jini da fizge kai. Ya dace da yaro ɗan shekara 10? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya barka kadai. Babu jini a ciki ko ɗigo, in an daki robot ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe ne suke zuba. Akwai dai salon gamawa da abokin faɗa a ƙarshe, iri biyu, wanda in an iya shi ana iya tarwatsa robot ɗin gaba ɗaya, to amma inji ne ake farfasawa, matuƙan ma a labarin ba a cikinsa suke zaune ba, daga gefe aka jona su da shi. Faɗa ne kam ba zan ce miki ba faɗa ba ne, kuma kafin a fara matuƙan suna jefa wa juna baƙar magana da Turanci, amma in aka kwatanta da Mortal Kombat na 1992 tazarar tana da yawa, ni zan bar ɗan shekara 10 ya buga. Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne lokaci, ɓangaren gasar nan yana da cin rai, "saura faɗa ɗaya in sayi sulke" ita za ki ta ji har a kira magariba.

Wani abin da zai kwantar miki da hankali, ba ya buƙatar data, ba talla, ba wani wurin da yaro zai danna kuɗi su fita daga asusunki, kuɗin cikinsa duk na wasa ne. Kuma in yaran suna buga Fortnite ki gaya musu gida ɗaya ne, Epic MegaGames ɗin da Tim Sweeney ya kafa a 1991 a gidan iyayensa a jihar Maryland shi ne ya koma Epic Games a 1999, ya fitar da Fortnite a 2017. Shi kuwa OMF an yi masa na biyu a 2003 mai suna Battlegrounds, na 3D, bai samu karɓuwar na farkon ba, ki ce wa babansu na 1994 ɗin zai nema.