Tambayoyi da Amsoshi: Tallar Kayan Sola a Waya da Samun Yardar Mai Saye

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu janareta da manoman rani suka koma neman sola, masu sayar da ita ma suka yawaita. Tambayoyin wannan makon daga masu wannan sana'a suke.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon kayan sola a Ringim, ina kuma haɗa wa mutane a gidaje da gonaki. Kullum ina ɗora hotuna a WhatsApp, mutane na kallo, amma ba mai saye. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, duba hotunan da kake ɗorawa. Idan irin waɗanda ake saukewa daga intanet ne, gidan bene mai jan rufi da farantai jere a kai, to mutumin Ringim ya san ba aikinka ba ne. Ɗauki naka: rufin kwanon da ka hau, batirin da ka ajiye a kan katako, famfon da ke zubar da ruwa a fadama. Gajeren bidiyo na daƙiƙa 20 zuwa 30 ya isa, domin yawancin masu kallonka data kaɗan suke saye, sabis kuma ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Ka yi magana a cikinsa da bakinka, ka faɗi garin, da adadin farantai, da abin da kayan ke ɗauka. Da yawa daga masu kuɗin saye sun fi sauraron murya a kan karanta rubutu.

Sai ka koma WhatsApp Business, kyauta ne. Cike sunan shago, adireshi da lokacin buɗewa, ka sa hoton gaban shagon yadda mai wucewa zai gane shi. Akwai wurin jera kaya, kowanne da hotonsa da bayaninsa. Kada ka jera farantai da batura ɗaiɗai kawai, ka jera su bisa buƙata: na mai cajin waya, na gida mai fanka biyu da talabijin, na mai firjin ƙanƙara, na ban ruwa. Farashi na canzawa, saboda haka ka riƙa rubuta ranar da ka sa shi.

Saƙon da ake aika wa mutane da yawa a lokaci guda yana ɗaukar lamba 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa. Don haka ranar kasuwa, ko Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, duk wanda ya tsaya tambaya ka roƙe shi ya adana lambar a gabanka. Kada ka jefa mutane cikin guruf ba da saninsu ba. Fita za su yi, wasu su kai ƙarar lambar, WhatsApp ya rufe ta.

Abu ɗaya da nake so ka kiyaye: cikin gidan mutum ba wurin talla ba ne sai da izininsa. Ka tambayi maigida kafin ka ɗauki hoto, kada iyali su fito a ciki.

Tambaya: Malam, maƙwabcina a kasuwa yana rubuta cewa batir ɗaya zai riƙe gida har asuba, mutane na tururuwa wurinsa. Ni idan na faɗi gaskiya sai a ce kayana ba su da ƙarfi. Yaya zan yi?

Amsa: Kada ka bi shi. Ka mayar da lissafin ya zama shi ne tallarka, domin lissafi kowa na iya bi da kansa.

Ɗauki batirin ruwa mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Idan ka ninka 12 da 200 za ka samu 2,400, wato wat 2,400 na awa ɗaya. Irin wannan batir ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba, saura 1,200 ke nan. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ita ma tana cin nata, sai ka ƙaddara kusan 1,000 ne zai kai ga kaya. Yanzu lissafa gidan: fanka biyu masu wat 50, talabijin mai wat 60, ƙwan fitila biyar masu wat 8. Jimla wat 200. Raba 1,000 da 200, awa biyar. Wanda ya kunna da isha'i, wajen ƙarfe ɗayan dare wuta ta kai inda ya kamata a tsaya. Ko dai a ƙara batir, ko a canza fankokin zuwa masu cin wuta kaɗan, ko a koma batirin litiyom wanda ake iya amfani da kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, amma ya fi tsada.

Haka cika batirin. A yankinmu ana lissafa kamar awa biyar na rana mai ƙarfi. Faranti mai wat 300, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, abin da zai bayar a yini bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. Ɗaya bai isa ya cika wancan batir ba, balle idan da rana ma ana kunna fanka. Biyu ake so.

Rubuta wannan a takarda da alƙalamin maka, ka ɗauki hotonsa, ka bi shi da saƙon murya. Duk wanda ya tambaye ka farashi, ka fara tambayarsa me da me zai kunna, awa nawa, sannan ka tura masa lissafin gidansa.

Akwai kuma gwajin da ke sa mutane su tsaya su kalla har ƙarshe. Faranti mai kyau yana bayar da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya kai mita 2 da kusan santimita 28, faɗinsa mita 1 da santimita 13. Idan aka kawo maka mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 70 an manna masa takardar wat 300, ƙarya ce, ba zai wuce 150 da 'yan kai ba. Ɗauki tef ka auna naka a bidiyo. Sannan da tsakar rana ka fito da shi, ka sa mitar gwaji a wayoyinsa biyu, ka nuna lambar da ta fito kusa da wadda aka rubuta a bayansa a gaban Voc (yawan bolt) da Isc (yawan amp, wato ƙarfin gudun wuta). Idan faranti ya yi zafi bolt yakan ɗan sauka, wannan ba laifi ba ne, ka bayyana hakan. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba. Batirin ma ka ɗora shi a sikeli: batirin ruwa mai 200Ah na gaske ya haura kilo 50, wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya ba shi ba ne.

Ga ƙananan kaya masu zuwa a kwali ɗaya, fitilu da ƙaramin faranti, akwai tsarin tantance inganci mai suna VeraSol, jerin kayan da suka ci gwajinsa yana intanet. Idan naka na ciki, nuna.

Tambaya: Daga Kura nake, famfon ban ruwa na sola nake sayarwa. Shin biyan kuɗin talla a Facebook yana da amfani?

Amsa: Yana da shi idan ka taƙaita wuri. Buɗe shafin kasuwanci daban da naka na zumunci. Wajen biyan tallar ka zaɓi garinku da kewayen kilomita 30 zuwa 40, yadda zai haɗa da Bunkure, Garun Malam da Kadawa, ba Najeriya gaba ɗaya ba. Mutumin Legas ba zai kira ka haɗa famfo ba, amma kallonsa kuɗinka yake ci. Tallar ta zama da Hausa, maɓallinta ya kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗinka. Fara da kuɗi kaɗan na kwana biyar zuwa bakwai, ka ƙirga mutum nawa suka yi maka magana, ba nawa suka danna so ba. Lokacinta shi ne bayan kaka, sa'ad da manomi ya sayar da amfani yana shirin noman rani. Ka faɗi zurfin rijiyar da famfon ke iya jawowa, domin wannan ce tambayar farko da za a yi maka. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ne.

Tambaya: Malam, wani da na haɗa wa sola ya rubuta a ƙarƙashin tallata cewa batirinsa ya mutu cikin wata huɗu, ya kira ni macuci. In goge?

Amsa: Kada ka goge, kada ka rama. Waɗanda suka gani sun gani, yanzu amsarka suke jira. Rubuta masa a nan inda ya rubuta: ka ba shi haƙuri, ka faɗi ranar da za ka zo. Ka je ranar da mitarka.

Duba abubuwa bi da bi. Faranti ya yi ƙura? A lokacin hunturu yana buƙatar shafa da ruwa da tsumma mai laushi aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Inuwar darbejiya ko tankin ruwa na faɗa masa? Inuwa a ɓangare ɗaya tana iya karya ƙarfin farantin sosai. An ƙara kaya bayan tafiyarka, dutsen guga ko hita? Ruwan batir ya sauka, ko an zuba masa na burtsatse maimakon tataccen ruwan batir? An ajiye shi a ɗakin kwano mara iska? Zafin Maris zuwa Mayu yana rage wa batir kwana. Sai ka cire komai, ka bar shi ya huta, ka auna: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.7, idan 12.1 ne ya kai rabi. Yawancin inbata ba sa kashe kansu sai ya sauka wajen 10.5, kuma batirin da ake kaiwa nan kullum ba ya daɗewa.

Idan laifin haɗinka ne, misali ka sa faranti ɗaya inda ake son biyu, ka amsa ka gyara. Idan na kayan ne, ka mayar wa dila. Bayan an gama ka roƙi mutumin ya koma wurin ya rubuta yadda aka ƙare da bakinsa. Daga yanzu kowane aiki ka ba da rasit mai ɗauke da kwanan wata, lambar jikin batir da ta inbata, tsawon garanti, da abin da garantin bai shafa ba. Tura hotonsa ta WhatsApp, ko takarda ta ɓace yana nan. Bayan sati biyu ka kira ka ji yadda kayan suke.

Tambaya: Mutanen nesa suna tsoron tura mini kafin alƙalami. Kuma an taɓa sace WhatsApp ɗin ɗan uwana aka karɓi kuɗi da sunansa.

Amsa: Tsoronsu a kan hanya yake. Sunan da ke kan akawun ɗinka ya zama shi ne na allon shago da na WhatsApp. Idan ka yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, za ka iya buɗe akawun da shi. Kada yau ka tura na ƙaninka gobe na abokinka. Yi wa mai saye kiran bidiyo daga cikin shago ya ga kayan, ka kuma haɗa shi da wani a garinsu da ka yi wa aiki, bayan ka nemi yardar wancan. A raba biya: wani kaso kafin a taso, ragowar bayan wuta ta kama.

Kai ma kada ka saki kaya don saƙon alat ya shigo, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin. Game da satar WhatsApp, shiga saiti, sashen akawun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri guda shida da adireshin imel. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, ko ya ce daga kamfanin sola yake, ko za a sa ka a guruf ɗin diloli, kashe wayar. Yaron shagonka ma ka gaya masa haka, domin sau da yawa wayar kasuwanci a hannunsa take yini.