Ga ɗan'uwan da faifansa na Trace ya iso a lanƙwashe

Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Ka ce sabon bugun faifan roba na Trace, kundin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Amurka Son Volt, da ka yi oda ya iso a lanƙwashe, kana tambaya ko gara ka haƙura da sababbin bugu ka koma farautar na asali. Wallahi ina karantawa raina ya sake ɓaci, don abin da ya ci ka shi ya ci ni.

Nawa Anodyne ne na Uncle Tupelo, ƙungiyar da jagoran Son Volt, Jay Farrar, ya fito daga cikinta. Wani mai shago a Amurka ya rantse mini sabo ne fil, ko ledarsa ba a yage ba. Na biya kuɗin faifai, na biya na aike wanda ya kusan kamo kuɗin faifan. Ashe bawan Allahn nan a 'yar ambulan ya cusa shi, babu kwali ko ɗaya da zai tokare shi. Na ɗora a na'ura, allura tana hawa tana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, waƙar farko ma ba ta kai ƙarshe ba ta yi tsalle. Na tura masa hoto da bidiyo. Ka san amsarsa? Wai zafin ƙasarmu ne, shi lafiya lau ya fita daga hannunsa. To zafin ne ya yage kusurwar kwalin faifan? Zafin ne ya hana shi sa abin tokara? Na sake magana ya toshe ni. Har yau ba kuɗin ne ke cina ba, rainin ne. Da Jamus aka ce zai aika, da ya naɗe shi da kyau.

Amma kada haushi ya kai ka ga na asali. Trace ya fito ne a 1995, lokacin da CD ke sharafinsa, faifan roba kaɗan ake bugawa, shi ya sa in ka leƙa Discogs, shafin cinikin faya-fayai na intanet, farashin irin waɗannan kan sa mutum jiri. Kuma na asalin ma rana ba ta jin kunyarsa. Kamfanin Rhino sun sake fitar da Trace a 2015, da ya cika shekara 20, wanda ke hannuna ban da ƙorafi a kansa.

Tambarin gram 180 kuwa kada ya ruɗe ka. Nauyin roba ne kawai, daɗin sauti yana hannun wanda ya yanka faifan da kuma inda aka ɗauko sautin. Duba ɗan rubutun da aka karce kusa da takardar tsakiya, ka nemi abin da mutane suka ce kan wannan bugun.

Ni dai tun da Jay Farrar da Jeff Tweedy na Uncle Tupelo suka raba gari a 1994, Tweedy ya kafa ƙungiyar Wilco, ina bayan Farrar. 'Yan Wilco na wannan dandali su yi haƙuri, A.M. na Jeff Tweedy shekara ɗaya suka fito da Trace, amma bai kama ƙafarsa ba.

In lanƙwasar ba ta yi tsanani ba, sa shi cikin takardarsa tsakanin gilashi biyu, ka danne da littattafai a inuwa, ka manta da shi makonni. Wasu sukan miƙe, nawa dai ya ƙi. Masu cewa a shanya a rana kada ka saurare su, layukan ne za su lalace. Gaba kuma ka ce wa mai sayarwa ya zaro faifan daga kwalinsa, ya jera su tsakanin kwalaye masu tauri, in ya yi gardama ka bar masa kayansa. A gida a tsaye ake ajiyewa, nesa da bangon da rana ke duka, da hunturu kuma a share ƙura kafin allura ta sauka.

Na'urarka ma daga ina take? Wasu tsofaffin na Amurka da wutar 60Hz suke gudu, tamu 50Hz ce, juyinsu kan ragu, sai ka ji muryar Farrar ta yi nauyi tana jan ƙafa ka ɗora wa faifai laifi. Turo mana hoton faifan a kwance kan tebur mu ga iya tashin bakinsa.