Za mu iya kwantar da yayanmu a asibiti ba da son ransa ba, mu riƙe dukiyarsa?

Tambaya: Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ya yi shekara biyu yana fama da taɓin hankali. Ya daina shan magani, ba ya barci, yana rabar da kayan shago, har ya zare wa matarsa wuƙa. Mahaifinmu ya rasu. Doka ta yarda mu kai shi asibiti dole, ni kuma in karɓi shagon? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku haƙurin jinya. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu, jikinsa da dukiyarsa, kuma zumunci kaɗai bai ba ku iko da ko ɗaya ba.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda a tsare mai taɓin hankali domin a yi masa magani ko a kare jama'a, amma sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Da can dokar mahaukata ta 1958 ake bi, wadda ta fi damuwa da kulle mutum a kan warkar da shi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbinta. A ƙarƙashinta, ba a kwantar da mutum dole sai in akwai fargabar zai cutar da kansa ko wani, ko kuwa ciwon zai yi tsanani idan aka bar shi. Ku masu neman a kwantar ne, likitoci ne masu yanke hukunci bayan sun duba shi, kuma kwanciyar tana da wa'adi, ana sake dubawa, shi ma yana da damar ƙalubalantarta. Maganar wuƙar nan hujja ce mai ƙarfi, saboda haka kada ku ɓoye ta don kunya. Ku je asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku faɗi ranar da abin ya faru da waɗanda suka gani. Ina roƙonku kada ku kai shi gidan mari, domin ɗaure majinyaci da sarƙa ya saɓa wa doka, kuma wanda aka wulaƙanta da wuya ya sake yarda da masu jinyarsa.

Batun dukiya shi ne inda iyalai suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Kwanciya a asibiti ba ta cire hannun mutum daga dukiyarsa. Ga Musulmi, wannan hurumin kotun shari'a ne, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ambaci waliccin Musulmi mai taɓin hankali cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take saurara. A fiƙihun Malikiyya ana kiran hana mutum sarrafa dukiyarsa hajaru, kuma walicci a kan dukiya na uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Ɗan'uwa ba ya cikin jerin nan, ko da shi ne babba a gida, balle kai da kake ƙani. Don haka ka shigar da buƙata gaban alƙali da rahoton likita da shaidu, shi ne zai naɗa wanda ya ga ya dace, kai ko wani.

Idan kai aka naɗa, amana ce aka ba ka. Ka ƙirga kayan shagon gaban shaidu, ka rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ka ciyar da matarsa da 'ya'yansa, ka biya kuɗin magani, kada kuma ka sayar da gida ko shago sai da izinin kotu. Malamai sun ce hajarun mai taɓin hankali yana ƙarewa ne da farfaɗowarsa, kuma masu irin wannan larura da yawa suna komawa kasuwa idan suka dage da magani. Ranar da ya warke zai nemi lissafi, kuma haƙƙinsa ne ka miƙa masa shi a rubuce.