Tambayoyin Masu Karatu: Kiwon Kyankyasai Domin Ciyar da Ƙadangaren Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a birnin Manchester na ƙasar Ingila, kuma babban ɗana yana kiwon ƙadangare mai gemu, irin na ƙasar Ostireliya, wanda muke sayo masa gyare duk mako. Kuɗin ya fara yi mana yawa, gyaren kuma suna mutuwa tun ba a cinye su ba, ga wari, ga kuka da dare. Mai kantin ya ba mu shawarar mu kiwata kyankyasai da kanmu, amma uwargida ta ce ba a gidanta ba. Shin abin yana da fa'ida, kuma ba za su watsu su cika mana gida ba? Daga wani mahaifi, Manchester.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Uwargida tana da hujja, domin duk Bahaushen da ya ji an ambaci kyankyaso, wanda ke fitowa daga shadda da dare shi zai faɗo masa a rai. Sai dai akwai nau'in kyankyaso fiye da 4,000 a duniya, kuma waɗanda suka saba da zama a gidajen mutane ba su wuce 30 ba. Wanda mai kantin yake nufi shi ne ake kira Dubiya, ɗan asalin Kudancin Amurka, wajen Ajantina da Burazil, kuma halinsa ya sha bamban da na wanda muka sani. Ba ya iya hawan gilashi ko roba mai santsi, ba ya kuka, tafiyarsa a hankali take, kuma idan ana tsabtace masa wuri warinsa kaɗan ne. Namijin yana da cikakkun fukafukai amma da wuya ya tashi, macen kuwa guntaye ne gare ta, kuma da wannan ake rarrabe su cikin sauƙi. Idan ɗaya ya kuɓuce a gida irin na Ingila, sanyi ba zai bar shi ya hayayyafa ba, tunda haihuwarsa tana tsayawa idan zafi ya sauka zuwa wajen digiri 20.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. Ka samo babban akwatin roba mai duhu, mai santsi daga ciki, ka yanke taga a murfinsa ka manna ragar ƙarfe domin iska ta riƙa shiga. A ciki sai ka jera kwalayen ƙwai a tsaye, ba a kwance ba, saboda kashinsu ya riƙa gangarowa ƙasa, su kuma su sami lunguna masu duhu na ɓuya. Ba sai an zuba ƙasa ko ɗiddigar katako ba. Zafi shi ne ginshiƙin kiwon gaba ɗaya: suna haihuwa sosai tsakanin digiri 28 zuwa 33, don haka a ƙasarku ta zama dole ka sa shimfiɗar ɗumama ta lantarki a gefe guda na akwatin, tare da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya wuce kima, domin kare ƙwarin da kuma kare gidan daga gobara. Sai ka zuba namiji ɗaya ga mata uku zuwa biyar, domin idan maza suka yi yawa faɗa suke yi, suna cizon fukafukan juna.

Macen Dubiya ba ta yar da kwanson ƙwai a lungu kamar kyankyason gida. A cikinta take riƙe shi na kusan wata guda, sannan ta haifi 'ya'ya masu rai, yawanci 20 zuwa 35, farare fat, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, kafin su yi duhu cikin 'yan sa'o'i. Haka nan idan ka ɗaga kwali ka ga wani babba fari sol, ba ciwo ba ne, saɓa ya yi, jikinsa bai gama ƙwari ba. Ƙananan suna ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin su balaga, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe, domin sukan fara ɗiba suna ba ƙadangare tun garken bai kafu ba, sai su wayi gari babu iyaye babu 'ya'ya. Shawarata ita ce ku ci gaba da sayen abinci daga kanti har zubin farko ya girma ya fara haihuwa, sannan ku riƙa ɗibar ƙanana da rarar maza, ku bar mata.

Wurin da nake so ka fi mai da hankali shi ne abin da kyankyasan suke ci, domin abin da ke cikinsu shi ne zai shiga cikin ƙadangaren ɗanka. Ka ba su busasshen abinci irin su dusa da garin hatsi a ƙaramin faranti, sannan karas da kabewa da dankali da yankin lemo da ganye, waɗanda za su zame musu abinci da ruwa a lokaci guda. Kada a ajiye musu ruwa a buɗaɗɗen kwano, ƙanana nutsewa suke yi. Duk ɗanyen abin da ya kwana biyu a kwashe shi, saboda fumfuna tana iya hallaka garke. Kada kuma a cika su da abincin kare ko na kyanwa kamar yadda wasu ke yi don su yi saurin girma, domin kyankyaso yana tara rarar sinadarin furotin a jikinsa ta zama wani gishiri da masu kiwo da likitocin dabbobi ke dangantawa da kumburin gaɓoɓi a ƙadangaru. Waɗanda za a bayar kuma a ware su kwana ɗaya ko biyu ana ƙosar da su da ganye mai kyau.

Duk da haka, kyankyaso, kamar gyare, yana da ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, idan aka gwada da wani sinadarin da ake kira fosfaras, don haka a barbaɗa musu hodar kalsiyam kafin a miƙa su, a kuma tabbatar da fitilar da ke maye gurbin hasken rana tana aiki a kejin, in ba haka ba ƙasusuwan dabbar za su yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Wannan ciwo ne mai ban tausayi wanda kuma ake iya kauce masa. Girman kyankyason kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren, kuma idan ƙadangaren ya girma, ganye ne ya kamata ya fi yawa a abincinsa.

Abu ɗaya da ya wajaba uwargida ta sani kafin ta amince: ƙurar kashinsu da ɓawon saɓarsu suna tayar wa wasu mutane atishawa da ƙaiƙayi, har da asma. Idan akwai mai asma a gidan, ban ba ku shawarar wannan kiwo ba. Idan babu, a ajiye akwatin nesa da ɗakin kwana, a riƙa share shi a waje da safar hannu da takunkumi, a kuma bar ɗan kashin a ƙasan akwatin, tunda ƙananan kyankyasan suna ci daga cikinsa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, na tsinci hawainiya ina kula da ita. Zan iya kama mata kyankyasan ɗakin girki, ko in sa a aiko mini da irin na waje?

AMSA: 'Yata, kada ki ba ta na gida. Suna yawo a magudanar ruwa da shadda, suna ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma da yawansu sun riga sun taɓa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari da bai kashe su nan take ba, amma zai iya kashe hawainiya. Shigo da na waje kuwa yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, kuma akwai dalilin yin taka-tsantsan: jihar Fulorida ta Amurka ta hana shigar da Dubiya ne saboda ɗuminta zai ba shi damar yaɗuwa idan ya kuɓuce, ƙasarmu kuwa ba ta gaza ta zafi ba. Idan dole ne ki riƙe ta na ɗan lokaci, ki nemo mata fara da gyare daga wurin da ba a yi feshi ba, ki riƙa yayyafa ruwa a kan ganye safe da yamma, domin ɗigon ruwa take lasa, ba ta sha a kwano. Amma hawainiyar da aka kamo daga daji ba ta cika jure zaman keji ba, saboda haka idan lafiyarta ƙalau, na fi son ki mayar da ita kan bishiyar da ke kusa da inda kika tsince ta.