Ku Tambaya Mu Amsa: Farautar Haruffa don Tara wa Makaranta Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana biyu suna firamare, an kuma saka ni a kwamitin iyaye. Bana aka ce za mu shirya yawon nan da yara ke bin taswira cikin unguwa suna neman abin da aka ajiye, don a samu kuɗin gyaran filin wasa. Kunya ta hana ni cewa ban san kansa ba. Ta ina ake farawa?
Wata uwa, Bradford, Ingila

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Abin ya daɗe da samun gindin zama a ƙasar da kike. A ƙauyen Kettlewell da ke arewa da ku, tun 1994 ake kafa mutum-mutumi a ƙofar gidaje, kuma don tallafa wa makarantar garin aka fara. Yanzu kowane watan Agusta baƙi ke cika wurin.

Hajar da za ku sayar ita ce taswira, don haka a kanta za ku zuba ƙarfi. Ku zaɓi hanyar da ke zagayowa ta dawo ƙofar makaranta, kada ta wuce kilomita 2. Ku nemi gidaje ko shaguna 15 zuwa 20 da suka yarda su zama zango. Kowane zango a liƙa masa harafi guda a taga ko a jikin mutum-mutumi, inda za a gani daga bakin titi ba sai an shiga harabar kowa ba. Yaro ya tattara haruffan, ya haɗa kalma, ya kawo takardarsa a ba shi tukwici.

Kafin ku kai wa mai buga takardu, ku sa wata mai ɗan shekara 5 da keken jariri ta bi hanyar daga farko har ƙarshe. Idan ta haura awa ɗaya, ku rage. Wannan gwajin ne ke tono matakalar da keke ba ya hawa, da harafin da aka liƙa sama da idon yaro, da babban titin da za a tsallaka har sau biyu. Yawancin kwamitoci a nan suke yin sakaci, babba ya zana hanya da ƙafarsa, ranar yawo a ga yara na kuka a zango na 9.

Ga lissafi na misali: taswira 150 a kan fam 3 ta ba ku fam 450. Ki cire kuɗin bugu da na alawa. Idan shaguna 6 suka biya fam 20 kowanne don a sa sunansu a bayan takardar, sun ɗauke muku wannan nauyi. Shayi da kek a wurin kammalawa ma suna kawo nasu.

Abubuwan da ke ɓata rana sanannu ne. Ruwan sama na jiƙa haruffa, sai a rufe su da roba, a kuma ajiye kwafi biyu na kowanne don akwai masu cirewa. Wani zai ɗauki hoton taswira ya watsa a WhatsApp. Maganinsa a sa lamba a kowace takarda, a ce sai da ita ake karɓar tukwici. Ku hargitsa jerin haruffan, in ba haka ba tun zango na 5 za a canki kalmar. Idan a ƙarshen Oktoba ne, ku tuna ana mayar da agogo baya ranar Lahadin ƙarshe ta watan, duhu na yi da wuri. Kada a rubuta sunan mai gida a taswira, lambar zango ta isa. Ki tambayi ma'aji ko kuna da inshora. Ƙungiyoyin iyaye da ke rajista da Parentkind, wata ƙungiya mai tallafa wa kwamitocin iyaye a Birtaniya, suna samunta cikin kuɗin rajistar. Alawa kuwa ki duba ta da kanki, da yawa akwai sinadarin alade a ciki.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni malami ne a wata firamare a cikin gari. Ajujuwanmu biyu yara a ƙasa suke zama. Anya irin wannan zai yiwu a nan?
Wani malami, Zariya

Amsa: Malam, zai yiwu, amma sai an sauya masa riga. Gidajenmu katanga ce da zaure, ba tagar da ke kallon titi, kuma ba za a tura yaran mutane cikin gida ba. Zangunanku su zama shagon tela, mai niƙa, kemis, teburin mai shayi. Mutum-mutumi ma ku bar shi, zai jawo muku surutu. Ku yi da kacici-kacici: a rubuta "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", yaro ya gane tsintsiya ce, ya nufi mai sayar da ita, a buga masa hatimi. Zango 10 sun wadatar.

Ku fara da mai unguwa da kwamitin makaranta, sannan limami ya sanar. Ku tsayar da rana tare da malaman Islamiyya, tunda Asabar da Lahadi yara nasu ne. A fita ƙarfe 7:30, a gama kafin 10, rana ba ta yi zafi ba. A raba yara goma-goma, babba a gaba, babba a baya, 'yan mata da malama. Duk mararrabar da babura da adaidaita sahu ke bi, a tsayar da mutum biyu. Inda tsaro ya yi rauni, a yi komai cikin harabar makaranta.

Kada ku sa rai da kuɗin takarda, ku sa shi kaɗan yadda ɗan talaka zai shiga. Kuɗin gaske yana wurin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa. Ku karɓo farashin benci daga kafinta biyu, ku ce wa kowane mai hali ya ɗauki nauyin zango guda a kan kuɗin benci biyu ko uku. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san abin da kuɗinsa zai zama. A yanka rasit, kuɗi su shiga asusun ƙungiyar iyaye mai sa hannun mutum biyu, ban da asusun kowa na kansa, a kuma liƙa lissafi a ƙofar makaranta cikin mako guda.

Tambaya: An biya kuɗi an shiga, wani ya ci kyauta. Wannan ba caca ba ce?
Wani uba, Maradi

Amsa: Alhaji, inda shakku ke shiga shi ne a tara kuɗin mahalarta, a jefa ƙuri'a, mutum ɗaya ya kwashe. Ku kauce wa wannan. Duk wanda ya kammala a ba shi tukwici iri ɗaya, fensir ko littafin rubutu. Idan ana son babbar kyauta, wani mai tallafi ya saya da kuɗinsa, a ba wanda ya fi amsa daidai. Ku kai wa malamin unguwa tsarin a rubuce kafin a fara sayar da takardu.