Me ya sa shirina ya ɗauki lambar waya a matsayin ihu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina, ina koyon Python, harshen rubuta shirin kwamfuta. An ba mu aiki mu rubuta shirin da zai karɓi saƙo ya faɗi ko tambaya ce, ko ihu ne da manyan baƙaƙe, ko shiru, ko magana kawai. Na gwada da hannu ya yi daidai, amma da aka sa masa lambar waya sai ya ce ihu ce. Malaminmu ya ce in riƙa rubuta gwaji kafin shiri. Ta yaya zan gwada abin da ban rubuta ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ina kyautata zaton ka rubuta `sako == sako.upper()`. Lamba ba ta da babba ba ta da ƙarama, saboda haka ko an ɗaga "0803" tana nan yadda take, sai shirin ya ga ɓangarorin biyu sun zo ɗaya. Yi amfani da `isupper()`. Ita ba ta cewa True sai ta ga aƙalla harafi ɗaya, kuma babu ƙaramin baƙi ko ɗaya a ciki.

Maganar malaminka kuwa gaskiya ce. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya ɗauki awo, gwaji shi ne awon. Kent Beck, wani masanin rubuta shirin kwamfuta, shi ne ya yaɗa wannan salo, har ya yi littafi a kansa a 2002. Ka buɗe fayil mai suna `test_sako.py`, ka rubuta aiki mai suna `test_lamba`, ka sa wannan a ciki (`raba` shi ne sunan aikin da za ka rubuta don rarrabe saƙo):

`assert raba("0803") == "magana"`

Kunna pytest, manhajar da ke gudanar da gwaji, gwajin zai faɗi, ka ga ja. Kada ka tsallake wannan jan, don gwajin da ba ka taɓa ganin faɗuwarsa ba, ba ka da tabbacin yana duba komai. Sai ka rubuta ɗan abin da zai mai da shi kore, wato ya wuce, ka tsabtace shirin, ka ƙara wani gwajin.

Gwaji da hannu yana yaudara saboda mutum kan buga abin da ya san zai wuce. Ka nemi saƙonni masu taurin kai. "Ka iso? " da fili a ƙarshe zai kuɓuce wa `endswith("?")` in ba ka fara da `strip()` mai cire filin gefe ba. Saƙon da fili ne zalla shi ma shiru ne.

Wanda ya fi damuna shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ɗalibai da yawa suna kwafo `[A-Z]` don gane manyan baƙaƙe, alhali babu Ƙ, Ɗ da Ɓ a cikinsa. Saka "ƘOFAR ƘAURA" a gwajinka tun yau. Ita kuwa `isupper()` ta Python 3 ta san su.

Saura "KANA INA?", wanda ihu ne kuma tambaya. Wannan ba kwamfuta ce za ta yanke maka ba. Tambayi malaminka wanne ake so, ka rubuta amsarsa a gwaji, sannan ka jera `if` ɗinka yadda wanda aka zaɓa zai zo a sama.